Sunan da Na Kira a Kurmi

Ummi, da ke zan fara wannan babi, domin ke ce kike yawo da kaya a ka tun shekarar da muka dawo daga kurmin nan. Na sha jin ki kina gaya wa ƙaninki Sadiq, da Turancinku mai sauri wanda kuke zaton ba na kamawa, cewa da ba ki tura mu wannan tafiya ba da Babanku bai rikice ba. To ki nemi wuri ki zauna ki karanta. Ba tafiyarki ce ta kawo ciwon ba. Da shi muka hau jirgi, kuma ina sane da shi tun kafin ki kawo mana tikiti. Abin da na rasa a kurmin wani abu ne daban, ban taɓa gaya wa kowa ba, shi ya sa na ɗauki biro yanzu tun hannuna bai fara rawa sosai ba.

Kun dai san ban taɓa kama sunan Babanku ba. Haka na tashi na gani a gidanmu a Zariya, mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma ban ga dalilin da zai sa don na haye teku in bar halina a filin jirgi ba. Kafin a haife ki Malam nake ce masa, da kika zo ya zama Baban Ummi. A banki ko a asibiti idan aka tambaye ni sunan mijina, katinsa nake miƙawa in ce su duba da idonsu, ai sun yi makaranta. Sadiq yana ƙarami ya sha haɗa mini tarko, ya zo da littafi ya ce wai aikin makaranta ne, malamarsu ta ce uwa ce za ta faɗi sunan uba. In kore shi da ludayi, ku yi ta dariya. Shi kansa Babanku tsokanata yake yi a kai. Wata rana muna cin tuwo ya ajiye lomarsa ya dube ni.

"Rabi, yanzu in na faɗa rijiya, wa za ki ce wa mutane ya faɗa?"

"Sai in ce mai gidan nan."

"Kafin su gane wane gida ai na sha ruwa na ƙoshi."

Amma yana jin daɗin abin, na sani. Idan muka je walima wurin abokansa a Mitchellville, har bugun ƙirji yake yi, yana cewa Amurka ta canja masa komai, har garin tuwo, amma ta kasa da bakin Rabi. Ni kuwa in sunkuyar da kai ina harararsa ta ƙasan ido.

Shekarar da ya ajiye aikin injiniyan ruwa a Germantown na fara ganin alamu. Kada ku manta aikina. Shekaru na yi ina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi a Silver Spring, a ɓangaren masu ciwon mantuwa, na san ciwon nan kamar yunwar cikina. Na aike shi shagon 'yan Afirka ya sayo daddawa da busasshiyar kuɓewa, bai dawo ba sai bayan la'asar sakaliya, hannu rabbana, ya ce cunkoso ne a babbar hanya. Da na duba motar, na ga ya kusa ƙone tankin mai. Mahaɗar da ya shekara da shekaru yana sauka ce ta ɓace masa. Sai kuma salla. Shi ke ja mana a falo, ya zama ran nan a magariba ya miƙe zai ƙara raka'a ta huɗu, sai na buga bayan hannuna ya koma ya zauna. Tun ina bugawa jefi-jefi har ya zama kusan kullum. Na lallaɓa shi muka je wurin likita ba tare da kun sani ba, aka yi gwaje-gwaje, likita ya faɗi abin da na riga na sani. A mota, kafin in tayar, ya dafa sitiyarin ya ce in rufa masa asiri, ba ya so 'ya'yansa su fara yi masa magana a hankali kamar jariri. Na yi masa alkawari, kuma ko yau aka dawo da ni cikin motar nan haka zan sake yi.

Ana haka kika zo da albishir. Kin san tun kuna yara ba ya kallon komai a talabijin sai dabbobi, ga labarinsa da ba ya ƙarewa na dajin da ke bayan ƙauyensu a kudancin Kano, yadda yake bin birai yana yaro har ya manta da gida. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, yayarsa Ladi ce ta raine shi, ita ce take fita bakin daji da yamma tana ƙwala masa kira kafin mahaifinsu ya dawo ya tarar ba ya nan. Ba ku san Yaya Ladi ba, ta rasu kafin mu zo ƙasar nan. Kika ce kin kama mana masauki a tsakiyar kurmi a ƙasar Kosta Rika, Baba zai ga birai har ya gaji. Ina da damar in ce a'a. Bakina ya buɗe zan kawo uzurin ciwon gwiwa, sai na ga fuskarsa. Rabon da in ga idonsa ya yi haske haka tun kafin zuwanmu wurin likita. Ni da na san ba a warkewa daga wannan ciwo, ni da nake faɗa wa iyalan wasu su daina yaudarar kansu, sai ga ni ina cewa a raina wataƙila daji ya tashe shi. Tsorona ɗaya ne a duniya a lokacin, ranar da zai dube ni ya rasa wace ce. Na sa rai tafiyar za ta tura wannan rana gaba.

Jirgin sama, sai mota, sai kwale-kwale mai inji a kan wani kogi ruwan ƙasa-ƙasa, itatuwa sun rufe shi dama da hagu. Da muka sauka na ƙare wa wurin kallo na ce lallai 'yata ta biya kuɗi an kawo ni ruga. Ɗakunan a kan turaku suke, rufin ganye, bangon kuma raga ce kawai, duk abin da ke daji yana kallonka kana kallonsa. Wutar ta hasken rana ce, ruwan wanka na sama ne da suke tarawa, waya ba ta kamawa. Na fito da maganin sauro na feshi, wata ma'aikaciya ta karɓe shi cikin ladabi ta ce yana kashe ƙwarin da tsuntsaye ke ci, ta ba ni wani mai mai warin lemo. Suka ba mu dogayen takalman roba, suka ce kada mu taka ƙasa sai da su saboda macizai. Da aka kawo abinci na ga wake da shinkafa da soyayyar ayaba, na ce wa Babanku ashe abin da na baro a Zariya ne ya riga ni zuwa. Ya yi dariya har da tari.

Kwanakin farko ba zan yi musu butulci ba, Allah ya ba ni su. Da asuba wani ruri ya tashe ni wanda ya sa na ƙanƙame shi ina salati, na ɗauka zaki ne a ƙarƙashin ɗakin. Ya ce in kwantar da hankalina, birai ne, kuma da gari ya waye ya nuna mini su a saman itace, baƙaƙe, ba su fi ɗan akuya ba, duk wannan murya a cikinsu. Jagoranmu wani dattijo ne gajere mai suna Manuwel, yana da Turanci daidai gwargwado. Shi ke gaba, Babanku na binsa kamar ɗan makaranta, ni ina baya ina fama da takalmin da ya fi ƙafata. Muka ga wani tsuntsu da bakinsa ya kusa kai girman jikinsa, rawaya da kore, Babanku ya ce wannan cilakowar ƙasar nan ce ta sami wadata. Muka ga aku jajaye suna wucewa bibbiyu suna ihu. Muka ga wata dabba mai gashi rataye a reshe, kai a ƙasa, kafin ta ɗaga hannu ɗaya har na gaji da tsayuwa, ya ce ga Sadiq nan idan an ce ya kwashe shara. Akwai wani ɗan mitsitsin kwaɗo ja wur da Manuwel ya hana mu taɓawa saboda dafi. Abin da ya fi tsayar da Babanku tururuwa ne, layi guda ba iyaka, kowace ɗauke da guntun ganye a ka. Ya tsuguna ya yi ta yi mini bayanin yadda suka shimfiɗa hanyarsu ta kauce wa inda ruwa ke kwanciya, da muryarsa ta aiki, tsaf, babu kalmar da ta ɓace masa. A hanyar dawowa ya kama hannuna a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure. Ban ƙwace ba.

Amma ina ganin sauran abubuwan, ido ba ya rufuwa don zuciya ta so. Mutumin da duk otal ɗin da muka sauka shi ke fitar mana da alƙibla kafin in kwance jaka, sai ga shi tsaye riƙe da sallaya yana juyawa, har sai da na karɓa na shimfiɗa. Ran nan kuma na ji shi yana ba Manuwel labarin dajin ƙauyensu tiryan-tiryan da Hausa, bai lura ba. Bawan Allah yana ta gyaɗa kai, ya ɗago ya dube ni, na kawar da fuska.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke. Mun karya, ya zauna a baranda yana kallon wasu ƙananan birai masu farar fuska da suka zo wucewa ta bayan ɗakinmu. Na ce masa zan watsa ruwa in fito. Da na fito kujera ba kowa. Hularsa tana kan kujerar, takalman robar suna nan jingine inda na ajiye su, silifas ɗinsa ne babu. Na zagaya ɗakin, na je wurin cin abinci, na gangara bakin kogi inda jiya aka nuna mana kada kwance a kan gungume. Ko'ina babu shi, na ruga na sanar da Manuwel.

Manuwel ya tara ma'aikata aka rarrabu. Ummi, ba ki san kurmi ba sai a hoto. Taku kaɗan daga hanya ba ka ganin wanda ke gabanka, sama a rufe, ƙasa laka, ga ƙarar ƙwari da tsuntsaye da ɗigar ruwa daga ganye ba ta tsayawa. Suna ta kiran sunan gidanmu da Mista a gaba, suna kiran Injiniya. Ni ina kiran Malam, ina kiran Baban Ummi, har muryata ta dushe. Babu amsa. Can muka tarar da silifas ɗaya ya kafe a laka, nesa da hanya. Manuwel ya duba ƙasa ya ce bai yi nisa ba, mai yiwuwa ma yana jin mu, amsawa ce ba ya yi. Ya gwada kiran sunan Babanku na yanka yadda ya gani a rubuce, amma harshensa ya murɗe shi ya koma wani abu da ko ni ban gane ba. Sai ya juyo ya ce ni in kira, da muryata, yadda ake faɗarsa a gida.

Ba sai ya gaya mini ba. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata a wurin aiki cewa mai wannan ciwo yana zubar da sunayensa ɗaya bayan ɗaya, na aiki ya tafi, na girmamawa ya tafi, na 'ya'ya ya tafi, wanda aka kira shi da shi yana yaro ne ke saura. Na sani sarai. Amma na tsaya a cikin laka bakina ya ƙi buɗuwa. Shekara talatin da ɗoriya sunan nan yana cikin ƙirjina, ko a mafarki ban furta shi ba. Za ku ce wannan wace irin wauta ce, mutum yana cikin haɗari ana maganar kunya. Ku faɗa, ba zan yi musu ba. Ni dai na ji kamar an ce in tuɓe mayafi a kasuwa. Na faɗe shi a hankali tukuna, ni kaɗai na ji. Sannan na cika ƙirji na ƙwala shi, na ja ƙarshensa, yadda mata ke kiran yara idan magariba ta kawo kai.

Daga can cikin ganye, ba nisa, aka ce, "Na'am."

Yana zaune a tsakanin saiwoyin wata ƙatuwar bishiya, rigarsa duk laka, ƙafarsa ɗaya ba takalmi, cinnaku sun yi masa kaca-kaca har ƙwauri bai ko kula ba. Biran suna sama suna karya rassa suna leƙen mu. Na durƙusa a gabansa ina kakkaɓe masa ƙafa, ina kuka ina hamdala. Ya dube ni da wani irin kallo na yaron da aka kama.

"Yaya, ban yi nisa ba. Birai na biyo. Don Allah kada ki gaya wa Baba."

Ranar da nake tsoro ke nan, ta same ni a durƙushe a cikin laka a ƙasar da ban san kowa ba. Na so in girgiza shi in ce ni ce Rabi, matarka, uwar 'ya'yanka. Amma na san idan na yi masa gardama zai firgita, yana iya zabura ya ƙara shigewa daji, ga shi mun yi sa'a maciji bai riga mu ba. Na miƙe tsaye.

"Ba zan gaya masa ba. Tashi mu tafi gida."

Ya tashi ya kama gefen mayafina, haka muka fito har masauki yana riƙe da shi. Da yamma hankalinsa ya dawo, ya kira ni Rabi, ya tambaye ni me ya sami ƙafarsa. Na ce cinnaku ne. Ya ce ai ya gaya mini in daina barin sukari a buɗe. Washegari muka hau kwale-kwale. Kumburin ƙafar nan da zazzaɓin da ya biyo baya su kika gani a filin jirgi, su kika riƙe kika yanke wa kanki hukunci. Cikin mako biyu suka warke, Ummi. Wancan ciwon kuwa tafiyarsa yake yi, da mun je da ba mu je ba.

Kafin shekara ta zagayo, asirin da na rufa ya buɗe kansa, kun gani da idonku. Baban Ummi ya daina juyo da shi. Malam ma ya daina. Idan ya nufi ƙofa zai fita cikin sanyi ba riga, sunan nan ne kaɗai ke tsayar da shi. Idan ya datse baki ya ƙi magani, shi ne ke buɗe shi. Sunan da na yi rabin rayuwata ina tattalinsa ya zama abin da nake faɗa tun safe har dare, a kicin, a banɗaki, a gaban baƙi. Ranar da kuka fara ji, Sadiq ya tafa ya ce a ƙarshe dai Mama ta zama Ba'amurkiya, ke ma kika yi murmushi kika ce abin ya yi daɗin ji. Ban ga laifinku ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ku ji ni. Ba ku lura da yadda yake amsawa ba, ko kun ɗauka wani sabon laƙabi ne ya sa mini. Duk kiran da na yi, Yaya Ladi ce take samun amsa.

Wata rana da rana tsaka, lokacin da ganye ke zuba, muna zaune a falo kusa da taga yana kallon kurege a kan shingen bayan gida. Na dama masa kunun gyaɗa ina ba shi. Ya karɓi cokali biyu, sai ya riƙe hannuna, ya rage murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Yaya, ina Rabi? Na kwana biyu ban gan ta ba. Ko na yi mata laifi ne?"

Na ajiye kofin. Duk abin da nake koya wa mutane na watsar da shi a ranar.

"Ni ce Rabi, Malam. Dube ni da kyau. Ni ce."

Ya dube ni ya daɗe, tun daga goshi har haɓa, da gaske yake nema. Sannan ya yi ɗan murmushi irin na mai lallashi, ya girgiza kai.

"A'a, Yaya. Rabi ba ta kiran sunana."

Washegari na ɗaura niyya. Na ce yau ko me za a yi ba zan kira ba, in koma yadda ya san ni, wataƙila ya gane matarsa ta dawo. Na sa atamfar da yake so, na shafa turaren da ya saya mini a Makka. Na kai masa karin kumallo na ce Malam ga abinci. Bai juyo ba. Na ce Baban Ummi, lokacin magani ya yi. Yana kallon taga. Azahar ta yi bai sa komai a bakinsa ba, leɓensa ya bushe, hannunsa ya fara karkarwa, ga shi mai ciwon sukari. Na zauna a gabansa ina Malam, Malam, kamar mai bara, yana kallon bayana yana jiran wani ya shigo. Da aka kira la'asar a wayata na ɗumama kunun, na dawo na zauna, na kira sunan.

Ya ce, "Na'am, Yaya," ya buɗe baki.

Ban sake gwadawa ba. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa sunan bai ƙara fita daga bakina ba, kuma kun ga ko a takardar nan ban rubuta shi ba. Don haka ki sauke kayan nan, Ummi, ba naki ba ne. Kin ba Babanku birai da tururuwa da kwanakin da ya yi dariya har da tari, kin ba ni ranar da ya kama hannuna a gaban mutane. Sauran kuwa babu wanda ya isa ya hana. Ya ƙara shekara uku a gidan nan, kusan kullum sai ya tambaye ni ko Rabi ta aiko, in ce tana hanya. Har ya koma ga Allah yana jiran ta dawo, ni kuwa ina zaune a gefensa riƙe da cokali.